Aron Wata Shida

Goggo Fulera ta jiƙa auduga ta shafa wa Hajiya a leɓe. Kwana tara ke nan Hajiya Luba Zailani ba ta buɗe ido ba. An dawo da ita gidanta na Abbey Wood daga asibiti, likitoci sun ce sai addu'a.

Duk wanda ya taɓa sayen busasshen kifi ko daddawa a Deptford ya san Hajiya. Da tebur ɗaya ta fara a bakin titi. Daga tebur sai shago, daga shago sai shaguna bakwai, sai ƙaton ɗakin sanyi a Thamesmead inda ake sauke mata kaya daga Legas da Tema. Wata mujalla ta taɓa buga hotonta, ta rubuta cewa haifaffiyar Landan ce, 'yar wani ɗalibi da ya zo karatu daga Kano, aka mai da ita gida tana goye. An yi wa shafin gilashi an rataye a falo. Goggo ce ke goge masa ƙura duk Asabar, idonta a ƙasa.

Ita da Hajiya 'ya'yan wa da ƙani ne. A da suna kama sosai, kafin ɗaya ta yi jiki ɗaya ta bushe. Shekara talatin da huɗu tana gidan. Ita ke girki, ita ta goyi Zulkiflu, ɗan Hajiya tilo. Ba ta taɓa zuwa gida Kano ba, ko da uwarta ta rasu. Ba ta je Makka ba. Idonta na hagu ya yi yana, ta ƙi zuwa asibiti, in an matsa mata sai ta ce kwalli ya ishe ta. Mutane na cewa ba su taɓa ganin mai amana irinta ba.

Amma ba amana ce ta zaunar da ita a bakin gadon ba. Akwai abin da ta ba Hajiya aro a shekarar da suka haɗu a Landan, a kan wata shida za a dawo mata da shi. Ba kuɗi ba ne, ba zinariya ba. Ba kuma abin da za ta ɗauka ta sa a jaka ta fita ba ne. Sai Hajiya ta faɗa da bakinta a gaban lauya da shaidu. In ta mutu ba ta faɗa ba, shi ke nan.

Kowace shekara Hajiya da uzurinta. Bari a buɗe shago na biyu. Bari yaron nan ya gama makaranta. Da ciwon ya kama ta bara, ta riƙe hannun Goggo ta dafa Alƙur'ani, ta ce ba za ta shiga kabari da shi ba.

Nas ta zo da safe da takardunta, ta tambayi ranar haihuwar mara lafiya. Zulkiflu ya tsaya lalubar waya. Goggo ta faɗa daga kujerarta, rana da wata da shekara, ba gargada. Nas ta dubi fuskar da ke kan matashi, ta ce ba ta yi kama da 'yar sittin da takwas ba.

Rana ta goma, bayan azahar, Hajiya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Goggo ta ba ta, ta fito ta tare Zulkiflu a bakin ƙofa.

"Kira lauya."

"Haba Goggo. Mummy na cikin wannan hali kina maganar lauya? In rabonki ne, wallahi ba mai taɓa miki. Flat ɗin Thamesmead ma naki ne, na yi miki promise."

"Ka ji na tambaye ka gida? Kira shi, ɗan nan, tun ina ganin mutuncinka."

Bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya kira.

Lauya ya iso kafin la'asar, tare da Malam Baha'uddeen, limamin masallacinsu. Hajiya na cikin hankalinta sarai, har ta gaishe da Malam ta tambaye shi iyali. Lauya ya buɗe littafinsa, ya ce ko tana da abin da take so a rubuta.

Goggo ta sunkuya daidai kunnenta. "Faɗa musu. Kin rantse."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda ya ji sai Goggo. "In na faɗa, yaron nan ya shiga uku. Komai rushewa zai yi a kansa."

"Ni fa?"

Hajiya ta tattara ƙarfinta ta ɗaga murya. "Ku shaida. Wannan Fulera ce, 'yar'uwata. Ku riƙe mini ita da kyau."

"Allah sarki," in ji Malam. Zulkiflu ya fashe da kuka. Lauya ya rubuta ya rufe littafi. Kafin magariba Hajiya ta cika.

Washegari da safe Zulkiflu ya je ofishin council ya yi rajistar mutuwar, don a samu a binne ta bayan Juma'a. Ya dawo ya tarar gidan ya cika da mata, wayarsa na ta ƙara.

"Goggo, riƙe mini wannan, masu motar gawa ne."

Ta karɓi takardar rajistar, ta matso da ita kusa da idon da ke gani. Luba Zailani. An haife ta a Landan, rana kaza, wata kaza. Babu kuskure ko ɗaya, domin sunan Goggo ne na gaskiya da ranar haihuwarta, kamar yadda suke a fasfon da ta ara wa ƙanwarta lokacin da bizar ƙanwar ta ƙare. Fulera ce kwance a cikin likkafani. Luba kuwa ga ta tsaye a tsakiyar masu gaisuwa, riƙe da shaidar mutuwar kanta.