Rabon Filin Baba

Da igiyar awo ta tsinke a hannun yayyenta, sai ita, ƙanwarsu mai zanen gini, ta buɗe kwamfutarta. Tun da Baba ya ba su filinsa na bakin kasuwar Yankara su gina shaguna, mazan nan biyar suke rigima, kowa ya auna da taku sai rabonsa ya fi.

Ta ja layin gaban filin, ta sa manhajar zane ta raba shi biyar. Nan take kashi biyar suka fito, babu wanda ya ɗara wani.

Baba, wanda ya taɓa cewa zanen gini ba aikin mace ba ne, ya daɗe yana kallo.

"Goge, 'yar nan," ya ce. "Raba shida, har da naki."