Kwalbar da Ta Ƙare da Wuri

"Cewa na yi ta shanye maganin har ƙarshe, ko da ta ji sauƙi," in ji likita, yana haska makogwaron Auta. "Ga shi ƙwayar cutar ta dawo. Irin wannan wasan har zuciya yake taɓawa."

Maman Auta ta sunkuyar da kai, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta san da cokali take aunawa, amma kwalbar ta ƙare tun kwanakin ba su cika ba. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

"Kin gani ko?" mijinta ya ce, murya a dishe. "Kullum ina faɗa miki ba kya lura."

Auta ta ja masa riga. "Baba, ai maganin da zaƙi, ko? Shi ya sa kake kurɓa in Mama ta shiga wanka?"

Baban ya hau kallon fanka, yana haɗiyar yawu da ƙyar.

Maman Auta ta ɗago kai a hankali, ta dubi mijinta.

"Likita, a kawo tsinken gwajin makogwaro. Babban yaron ma yau za a duba shi, kuma kwalbar kowa daban."