Sunan da Turai Ba Ta Faɗa Ba

Kwana huɗu bayan rigimar Sabon Gari ta 1953, wani Bature mai aika wa jaridar Landan labari ya sauka Kano, yana son ganin waɗanda aka ƙone wa gidaje. Aka haɗa shi da ɗan doka guda da kuma tafinta, wani akawu mai suna Nata'ala. Hannun Nata'ala na dama naɗe yake da tsumma. Ya ce ruwan shayi ne ya zubo masa.

Suka shiga unguwar Shahuci, gidan wani attajiri inda aka zuba mutanen Fagge da wutar ta kora har soro. Ƙaurin hayaƙi bai bar tufafinsu ba, shi kuwa Nata'ala tun ranar ba ya iya cin abinci in ya ji shi. Ya yi ta jan Bature wajen maza, amma Bature, da shegen bin ƙwaƙƙwafi, ya hango wata dattijuwa a gindin bango rungume da ɗankwalin yarinya, ya nufe ta.

Turai sunanta. Ko ɗaga ido ba ta yi ta dubi tafintan ba, ƙasa take yi wa magana. Ta ce rumfar maƙwabcinsu, wani ɗan Kudu, aka cinna wa wuta da rana tsaka, iska ta juyo da ita gidanta. Autarta Lauratu tana ɗaki, zazzaɓi ya kwantar da ita, wutar ta cinye ta.

"Tambaye ta ko ta ga wanda ya kunna," in ji Bature.

Nata'ala ya tambaya. Ɗan doka ya matso. Suna ɗaya ya isa a ɗaure mutum.

"Na gan shi da idona," in ji Turai.

"Baba, wai... wa ye shi?"

"Ba na faɗin sunansa."

Bature ya girgiza kai cike da tausayi, ya rubuta cewa tsoro ya rufe bakin matan Kano. Haka aka buga a Landan.

Bawan Allah, ina zai sani? Ba tsoro ba ne, kunya ce irin ta uwa da ɗan fari. Shekara talatin ke nan Turai ba ta taɓa kiran sunan Nata'ala ba, tun ranar da ta haife shi.