Kwali a Ƙarƙashin Teburin Gwaji

Sau uku bututun yana faɗuwa gwaji, kuma duk ukun Pak Kosasih ne a bakin aiki.

Galih ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shekara tara ya yi a Jamus a kan wannan abu guda: bututu mai ruwan ammoniya da ke kwashe zafi daga cikin tauraron ɗan'adam. Ruwan kan zama tururi a bakin zafi, ya huce a bakin sanyi, sannan ya tsotso kansa ya dawo bakin zafi ta wasu siraran tsagogi. A sararin samaniya babu gangaren da zai taya shi dawowa, shi ya sa ake gwada shi a kan teburin da bai karkata ko'ina ba. In bai ci gwaji kafin Juma'a ba, za a sayo na waje, a jefa na Galih a sito.

Ranar Laraba ya faɗo ɗakin gwaji ba sallama, ya tarar da tsohon ma'aikacin a durƙushe, yana cusa ninkakken kwalin taba a ƙarƙashin ƙafar teburin.

"Ashe kai ne, Pak."

"Ni ne, Bajamushe. Ɗakin nan tun girgizar ƙasar bara..."

"Injiniyoyi ne suka kafa teburin nan, ga takardarsu a bango. Kai aji nawa ka yi?"

"Wanda na yi ya ishe ni," in ji tsohon, yana karkaɗe gwiwoyinsa. "Kai ne naka bai ishe ka ba."

Galih ya zare kwalin ya dire wa shugaban ma'aikatar a gabansa. Kafin la'asar an miƙa wa Pak Kosasih takardar ritaya, bayan shekara talatin. Ya ɗauki lemarsa ya fita cikin ruwan saman garin Bogor, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar Alhamis bututun ya ci gwaji, har ya zarce lissafi. Galih ya sa hannu.

Bayan wata huɗu aka harba tauraron, aka yi walima a ɗakin gwajin, da tulin shinkafa ruwan ɗorawa da soyayyun kaji. Galih, sabon shugaban sashe, ya ajiye lemun tsami a tsakiyar teburin, ya ce a miƙo masa wuƙa.

Ba wanda ya taɓa lemun. Da kansa ya motsa, ya gangara a hankali, ya bi tsawon teburin, ya faɗo ƙasa ta gefen da ake ɗaure bakin zafi na bututun.