Ranar da Ba Wanda Ya Ɗaga Hannu

Da gangan Malam Hayasaka ya rubuta kuskuren a allo, kamar yadda ya saba. Lita 3.5 na shayin sha'ir a buta ɗaya, lita 1.25 a ɗayar. Maimakon ya ɗora ɗigo bisa ɗigo, sai ya jera lambobin daga ƙarshe, ya tara, ya rubuta 1.60. Buta biyu sun haɗu, sun kasa kai ko rabin ta farko. Ya juyo yana shafa sumarsa, yana jira.

Dabarar da yake taƙama da ita kenan. Ya tafka kuskure, 'yan aji huɗu su yi masa caa, "Malam, ɗigo! Ɗigo!" Shi kuma ya dafe kai ya ce, "Kai, tsufa bai yi ba." Yaron da ya gyara wa malaminsa lissafi ba ya mantawa har abada. Bai taɓa gaya musu wasa yake ba, ina daɗin dabo in an san sirrinsa? Yaran kuwa ji suke da shi. Ko jiya Chinatsu, shugabar aji, sai da ta tsaya bayan an gama sharar aji ta ce ita da shi su bi darasin tare, a hankali. Ka ji farin jini.

Yau darasin gwaji ne. Malaman gunduma sun cika bayan aji cikin silifas ɗin da makaranta ke ba baƙi, sai rubuce-rubuce suke. Daga nan za a zaɓi jagoran malaman lissafi, kuma maganar gaskiya, wa ya cancanta in ba shi ba?

Ajin ya yi tsit.

Ko Gaku, da bakinsa ba ya rufuwa ko lokacin cin abinci, ya kafe tebur da ido, kunnuwansa sun yi ja.

"Kowa ya gamsu?" in ji Malam.

"Mun gamsu!"

Baki ɗaya, ba ko tsaiko. Irin amsar da aka haddace. Ya zaga tsakanin tebura yana leƙawa: 1.60, 1.60, kowa da rubutu tsaf-tsaf. Nan ya sha jinin jikinsa. Wannan ba jahilci ba ne, shiri ne.

Ya ɗaga ido. Ga Malama Kuramochi ta ajin maƙwabta a jikin taga, ta rufe baki da hannu. Ita ma kujerar take hari. Kuma da safe ai ya gan ta wajen ma'ajiyar takalma tana ƙus-ƙus da Chinatsu. Ashe haka ne! Mutumin da ya koya mata yadda ake riƙe alli, shi za ta yi wa wannan?

Ya gyara da kansa? Ai dabarar ta mutu kenan a gaban baƙi. Sai ya ƙara wuta, ya rubuta biyar a ɗebe 0.5, saura sifili. Ko ɗan aji ɗaya ba zai haɗiye wannan ba. Gaku ya buɗe baki, na kusa da shi ya take masa ƙafa. Suka kwafe.

Aka kaɗa ƙararrawa. Baƙi suka rusuna, babbansu ya ja iska ta haƙora ya ce darasi ne mai sa tunani. Malam ya san ma'anar wannan.

Ya tare Chinatsu a baranda, tana tura keken abincin rana.

"Ke, 'yar nan, wa ya sa ku? Kuramochi ce, ko?"

"A'a, Malam. Ita tsintsiyarsu ta zo nema."

"To uban wa ya ɗinke muku baki?"

Yarinyar ta duba hagu, ta duba dama. Ta matso ta sassauta murya, fuskarta cike da tausayi.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Mu muka haɗa baki, ba wanda zai kunyata ka a gaban baƙi. Ina jin ba su gane cewa ba ka iya lissafin ɗigo ba."