Takardar Hutun Orest Melnyk

Sai da Kwamanda ya buɗe durowa uku kafin ya samo hatimi. Ya ajiye shi a kan tebur, ya ture hannun rigarsa da ke ta zamowa kan yatsunsa, sannan ya ce wa Saje Gilchrist ya kawo fayil ɗin ɗalibin nan da aka hana hutu.

Ranar Kirsimeti ce ta 1943, a makarantar koyon tuƙin jiragen yaƙi da ke tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan, a ƙasar Kanada. Dusar ƙanƙara ta rufe titin jirgi, ƙamshin talotalo kuwa har ofis yake shigowa daga zauren cin abinci. Saje ya dire fayil ɗin, ya ce "ranka ya daɗe" kamar ana cire masa haƙori.

Orest Melnyk, shekara goma sha takwas da wata huɗu. Kwamanda bai tsaya karanta sauran ba, don ya san rayuwar ɗaliban nan ciki da waje. Ƙarfe biyar da rabi a busa ƙaho, mutum ya wanke fuska da ruwan da ke sa haƙora karkarwa. Daga nan sai aji, taswira da lissafin iska har ido ya raina fata. Da rana a hau jirgin horo rawaya mai inji biyu, wanda sai an murɗa wani ƙarfe da hannu sau ɗari da arba'in kafin tayoyinsa su naɗe, a je a jefa bama-baman gwaji a kan daskararren tafki. Orest ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Wankin safa ne dai Allah bai ba shi ba.

An raba hutun bana gida biyu, rabin ɗalibai su tafi Kirsimeti, rabi kuma Sabuwar Shekara. Orest ya zaɓi na biyu da murna, domin a gidansu na 'yan asalin Yukren sai bakwai ga Janairu ake Kirsimeti. Uwarsa ita kaɗai ce a gona tun rasuwar mahaifinsa, kuma tun kaka take rubuto masa jerin abin da za ta dafa. A watan Fabrairu za a kwashe ajinsu zuwa Ingila, inda bama-baman na gaske ne. Idan wannan hutun ya wuce shi, babu wani.

Laifin kuwa, Saje ya zayyana shi yana lashe baki. Mako biyu da suka wuce hanyar atisaye ta bi ta kusa da gonarsu. Yaron kirki ya sauko ƙasa-ƙasa, ya jefa wa uwarsa buhun safa mai datti, ɗaure da 'yar lema da ya ɗinka da rigar matashin kai. Buhun bai sauka a tsakar gida ba. A kan akurkin maƙwabci ya faɗa, talotalo arba'in suka watse cikin ƙanƙara, maƙwabcin kuma ya kwafe lambar da ke jikin fiffike.

"Ya kuskure gidan uwarsa da yadi ɗari biyu, ranka ya daɗe," in ji Saje. "Wannan ne za a ba aikin jefa bam a birnin abokan gaba?"

Kwamanda ya ce iska ce daga yamma, kuma ai an kamo talotalon duka. Saje ya ce ban da biyu. Kwamanda ya yi tari, ya saci kallon agogon bango.

Saje ya tambaya, da wani murmushi a gefen baki, ko a kira mai laifin ya zo ya kare kansa.

"Ƙyale shi, Saje. Yau aiki ya yi masa yawa."

Saje Gilchrist ya shekara ashirin cikin kaki, bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. Amma ya san duk takardar da ta bar teburin nan yau da hatimi, ba mai tayar da ita. Ya ce shi dai ba ruwansa, hukunci hukunci ne, yaro ya karya doka.

Kwamanda ya yarda a hukunta shi. Ya rubuta cewa ɗalibi Melnyk zai wanke safarsa da hannunsa har ƙarshen yaƙi, kuma zai dawo wa Saje da kwano guda na abin da uwarsa ta dafa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: hutun kwana biyar, daga huɗu ga Janairu. Ya ɗauki hatimin, ya shiga laluben tawada a kan tebur. Saje ya dube shi, ya dubi takardar, sai ya tura masa tawadar hatimin da ɗan yatsa, ya juya yana kallon taga.

Hatimin na sauka ƙofa ta buɗe. Wani dattijo mai furfura ya shigo cikin rigar ƙaramin soja da ta ƙi rufe masa tumbi, duk gabanta romon nama. Haka al'adar take kowace Kirsimeti: manyan hafsoshi su yi wa ƙanana rabon abinci, shugaban makaranta kuma ya yi musayar riga da kujera da wanda ya fi kowa ƙarancin shekaru. Dattijon, wanda shi ne Kwamandan ainihi, ya ɗauki takardar, ya karanta har ƙasa, ya yi ajiyar zuciya.

"To, Melnyk, an gama rabo. Ba ni rigata, kuma ka gaishe min da mahaifiyarka."