Dutse, Cokali da Jarkar Ungozoma

Wannan misalin naku ne, ku da kuke tashi gyara wa mutum rayuwarsa ba tare da kun tambaye shi ba.

Akwai wata ungozoma da ke aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye, nesa da gari. Ta gaji da tsayuwa bakin titi jiran motar haya, ga shi mai naƙuda ba ta jiran kowa, sai ta sayi wata 'yar ƙaramar mota ta hannu, wadda ta ratsa hannun mutum uku kafin ta iso gare ta. Motar nan ba ciwon da ba ta da shi. Lagireto yana yoyo. Kan batir ya saki, da ta faɗa rami sai ya zame, wuta ta ɗauke. Birkin hannu ya mutu, giyar ma in aka bar ta a gangare takan kuɓuce. Duk wata in albashi ya shigo, motar ce mai fara cin rabonta: yau taya, gobe baƙin mai, jibi makanike ya ce fanbel ya kusa tsinkewa. Da ta ga ba za ta iya gyara komai lokaci ɗaya ba, sai ta fara da abin da zai iya kashe mutum, sauran kuma ta koyi zama da su. Ta ajiye jarkar ruwa a but, kullum da safe sai ta cika lagireto. Ta ajiye tsohon cokalin shayi da take matse kan batir da shi, da tsumma, da wani dutse mai faɗi da take tokare taya in ta tsaya. Da haka take zuwa aiki, ba ta taɓa makara ba.

Yayanta ne abin ya dama. Ya ce abin kunya ne a riƙa ganin ƙanwarsa a bakin hanya ta ɗaga bonet, mayafi a kafaɗa, hannu duk maiƙo, abokansa har sun fara yi masa ba'a a majalisa. Ya ce motar rijiya ce marar gindi, gara a sayar ta huta. Ya kai maganar gaban mahaifinsu, aka ce ta ba shi makulli. Ita mace ce marar yawan magana, ba ta iya musu da na gaba ba. Ta buɗe baki za ta faɗa masa halin motar, ya ce tun tana rarrafe yake tuƙi. Sai ta miƙa masa makullin. Washegari ya kai motar wajen wanki don ta yi kyan gani a idon dillali. Ya buɗe but ya ga jarka da dutse da cokali da tsumma, ya ce wannan ai bola ce, ya sa aka watsar da su. Ita kuwa tun da ya fita ta biyo bayansa a adaidaita. Da ya tafi, ta sunkuya ta tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a buhu.

Motar ta fito tana ƙyalli kamar sabuwa, amma ba wanda ya ba ta ruwa da safe. A kan hawan da ke kusa da kasuwa, rana tsaka, ta ɗau zafi, tururi ya turnuƙe bonet, ta mutu. Ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba, kan batir ya zame. Ya ja birkin hannu, ya taho masa sakwa-sakwa kamar ludayi cikin koko. Ya sa giya, ta kuɓuce. Ya leƙa madubi, sai ga mata masu tumatir da tattasai sun baza kwanduna a gindin gangaren, daidai bayansa. In ya ɗaga ƙafa daga birki, su zai hau. Haka ya zauna ya danne birki, gumi na tsiyaya, babbar riga ta jiƙe, ƙafa ta fara rawa. Girman kai ya hana shi ihu a gaban 'yan kasuwa, sai ya laluba waya ya kira ƙanwarsa.

Ba ta daɗe ba ta iso da buhunta. Ta fito da dutsen ta riƙe a hannu, ta tsaya daidai tagarsa, amma ba ta sunkuya ba. Ya ce ta yi sauri ta tokare, ƙafarsa za ta sage. Ba ta sunkuyar da kai ba, ta ce, "Makullin tukuna, Yaya."

Ya zare ya miƙo mata ta taga. Sannan ta tokare tayar. Ta jira injin ya huce, ta buɗe murfin lagireto da tsumma, ta zuba ruwa, ta matse kan batir da cokalinta. Ta shiga mazaunin direba, murɗawa ɗaya motar ta tashi. Ita ta kai shi gida, yana gefe yana matsa ƙwaurinsa, dillali bai ga ko ƙurarsu ba. Har yau tana ɗaga bonet a bakin hanya, duk mai son kallo ya kalla, maganar sayarwa kuwa ba a sake tayar da ita a gidan ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.